Inci Biyun Tela

A gaban idonta Tela ake ce mata, a bayan idonta kuwa Almakashi, kuma ba don sana'ar kaɗai ba. Gajeriyar mace ce mai ƙatuwar murya, wadda in ta yanka maka magana sai ka kwana biyu wurin yana maka zafi. Shekara talatin da ɗoriya tana kan keken ɗinki, kuma ko maƙiyinta ya san ta iya aiki. Rigar da ta fito daga hannunta ba ta matse hammata, siket ɗinta ba ya fashewa in mace ta sunkuya.

Sirrin ba wani abin a zo a gani ba ne. Matar da ta koya mata ɗinki ta sha buge mata bayan hannu da rula tana cewa yadin da ya yi yawa ana rage shi, wanda ya gaza kuwa sai kuka. Tun daga nan, duk awon da za ta yi sai ta danne tef da babban yatsa, ta ɗago shi kusa da ido, yatsan ya zame inci biyu gaba, sannan ta karanta. Da farko da saninta take yi. Da shekaru suka tura, yatsan ya riƙa yi da kansa ba tare da ya nemi izininta ba.

Su biyu suka rage a ɗakinsu, ita da ƙaninta Auta. Innarsu ta rasu yana ɗan shekara shida, Tela ce ta goye shi, ta yi masa wanka, ta yi masa faɗa. Da ya ƙi makaranta ita ta ja hannunsa ta kai shi koyon kafinta, ita ta saya masa zarto da guduma na farko. Alherin nan gaskiya ne, ba mai musu. Sai dai ba ta taɓa barin sa ya huce ba, kullum yana kan wuta, ko gardamar ruwan sama suke yi sai ta tuna masa wadda ta share masa majina. Auta ya girma ya zama kafinta mai suna, da shagonsa da ma'aikata uku da iyali, amma a wurinta har gobe yaron nan ne da ba ya iya ɗaura tazuge.

Shekara ashirin da biyu ta yi a gidan haya, ciki da falo, kicin ɗaya mata biyar. A kicin ɗin nan ta yi rabin faɗan rayuwarta. Wa ya taɓa mini ashana, wa ya ɗebi gishirina, wa ya bar ruwan wanke-wanke a kan hanya, wace marar kunyar ce ta sauke mini tukunya ba ta nuna ba. Matan gidan sun canza sun sake canzawa, faɗan bai canza ba, wanda hakan ya isa ya nuna mata inda gizo ke saƙar, amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Burinta ɗaya a duniya, ta samu kicin nata ita kaɗai, mai ƙofa da makulli, mai taga.

Da abin da ta tara ya isa, dillali ya kai ta wani gida can ƙarshen gari. Ranar hutu ce, unguwar tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Ba ta ɗaga kai ta kalli rufi ba, ba ta murɗa famfo ba, kai tsaye ta wuce kicin. Ga taga babba tana kallon bishiyar mangwaro, ga haske ya zubo har ƙasa. Nan take ta ji a ranta ta iso gida.

Mijinta tsohon direban babbar mota ne, mutum mai sanyin hali. Ya tsaya a tsakar gidan yana waige-waige, ya ce, "Maman yara, mu dawo ranar aiki mu sake gani. Wancan dogon shingen kwanon, me ke bayansa?"

"Aljanu ne," in ji ta. "Kai da ka ƙare ƙuruciyarka kana kwana a tasha, yau kai ne masanin gida? In muka tsaya mu je mu dawo wani ya riga mu, a ina za ka samo mini irinsa?"

Ya bar maganar, don ya daɗe da sanin cewa motar da ta tsinke birki ba a tare ta da hannu.

Ashe bayan shingen nan, gidan buga bulo ne. Ƙarfe bakwai na safe injin zai tashi, cokula su kama rawa a cikin kwano, ƙurar siminti ta shigo ta tagar nan da aka sayi gidan dominta ta kwanta a kan miya. Masu kawo mata ɗinki da a da suke takowa da ƙafa, yanzu sai sun hau mota biyu, rabinsu suka koma wurin wata da Tela da kanta ta yaye. Tun makon farko ta gane kallon kitse ta yi wa rogo. To amma wa za ta gaya wa? Ita ta gani, ita ta zaɓa, ita ta toshe bakin mai magana. Da-na-sanin ya zauna mata a ƙirji, ba ta da wanda za ta sauke wa. Wani lokaci tana cikin taka keke sai ta tsinci kanta tana kewar gidan haya, har da matan nan huɗu da ashanarsu, sai haushin kanta ya ƙara kama ta.

Daga ƙarshe ta yanke hukunci cewa laifin tsohon kicin ne. A fasa shi a yi sabo, irin wanda take gani a gidajen masu kawo mata leshi: kabad daga bango zuwa bango, da durowa, da dutsen mabul a shimfiɗe a sama. In aka yi wannan, a ganinta, gidan zai zama gida.

Auta ya ce shi zai yi mata, aikin hannunsa kyauta. "Yaya, jibi zan shigo da tef in auna."

"Ka auna me?"

"Bangon mana, da tagar, da wurin murhun gas."

"Ni za ka koya wa awo? Shekara talatin ina auna mutane masu rai, masu numfashi, masu ɓoye tumbi, bangon da ke tsaye wuri ɗaya ne zai gagare ni? Lokacin da na fara riƙe tef kai ko wando ba ka sawa."

"Ba haka nake nufi ba, Yaya. Shi katako ba kamar yadi ba ne, in aka riga aka..."

"To tunda ba ka yarda da ni ba, bar shi. Kafintoci ba su ƙare a gari ba."

Ƙa'idar Auta ce ba ya yanka katako a kan awon wani, ko da injiniya ne ya rubuto. Ranar nan ya karya ta saboda Yaya, kuma wannan ne kaɗai laifinsa a cikin maganar. Tela ta shiga kicin da tef ɗinta na ɗinki da alli, ta auna wuri shida, ta rubuta a bayan littafin awo, ta yage ta aika masa. Duk shidan, yatsan ya yi abin da ya saba.

Bayan mako uku, da hantsi, mota ta tsaya a ƙofar gida. Auta da ma'aikatansa suka sauke kaya, ga mai mabul da nasa falalen a naɗe cikin bargo. Aiki ya yi kyau, katakon har sheƙi yake, Tela ta tsaya riƙe da ƙugu tana ɓoye murmushi. Aka shigar da dogon kabad, aka juya shi a zaunar, ya ce bai san zancen ba. Ƙarshensa ɗaya ya ci bango ya tsaya a karkace. Tsayinsa kuma ya haura bakin taga, ta yadda tagar, da ke buɗowa ciki, ba ta da hanyar buɗuwa.

Auta ya zaro tef ɗinsa na ƙarfe ya ja daga kusurwa zuwa kusurwa. Ya duba takardar, ya sake ja.

"Ɗari da sha takwas ne, Yaya. Takardar ta ce ɗari da ashirin."

"Tef ɗinka ne maƙaryaci."

Ta cire nata daga wuya. Tef ɗin tela inci sittin ne, don haka ta shimfiɗa sau ɗaya ta yi alama da alli, ta sake shimfiɗawa har kusurwa, ta danne, ta ɗago kusa da ido. "Sittin! Sittin da sittin nawa ne a makarantarku?"

"Yaya, yatsanki ya matsa."

"Me ka ce?"

"Da kika ɗago tef ɗin, yatsanki ya matsa gaba. Ki bar shi a jikin bango ki karanta."

Ma'aikatan suka sunkuyar da kai. Mai mabul ya yi tarin da ba na mura ba. Tela ta ji jini ya hau mata kai, a gaban baƙi, a cikin gidanta, yaron da ta goya yana ce mata ba ta iya abu ɗayan da ta iya a duniya ba.

"Wato ni ce makauniya. Ka ɓata aiki, maimakon ka ce ka yi kuskure sai ka laɓe a bayan yatsana?"

"Wallahi Yaya ya matsa, na gani da idona. Ba komai ba ne, in mayar da shi shago in warware in rage. Mabul ɗin ne kawai sai an yi dabara."

"Ba inda za shi! A nan zai zauna, duk wanda ya shigo ya ga aikinka. Ku fitar mini daga gida."

Suka fita. Da yamma mijinta ya gwada sa'arsa, ya ce, "Ni ma dai kamar na ga yatsan..." Ta juyo ta ce, "Kai ma?" Sai ya tuna akwai wanda zai je dubawa a asibiti.

Ta kira wani kafintan bakin titi, ya datse ƙarshen kabad ɗin da zarto kamar mai sassaƙa turken akuya, ƙofa ɗaya ta tafi a banza. Wurin rage mabul ya tsage daga gefe har bakin wurin wanke-wanke. Tsayin kuwa ba yadda aka iya da shi. Taga ta zauna a rufe, hayaƙi da zafi suka tare a ciki, ita kuma da yake gajeriya ce sai da aka sayo mata bulo ɗaya daga maƙwabtan nata, ta riƙa hawa kai kafin ta leƙa tukunya.

Ranar da ta fara hawa bulon nan, duk abin da ta haɗiye tun sayen gidan ya taso mata. Ƙarar inji, ƙurar siminti, masu ɗinkin da suka gudu, duk ta tattara ta ɗora a kan mutum ɗaya, ta ɗauki mayafi ta hau mota.

Shagon Auta yana layin kafintoci da masu walda. Ta same shi a bakin shago da wani ɗan kwangila, sun shimfiɗa zanen gini a kan benci. Gini ne mai gida goma sha biyu, ƙofofi da kicin duka ake son ba shi, aikin da bai taɓa samun irinsa ba. Tela ta gani sarai, ta kuma gane ko wane ne mutumin. Ba ta fasa ba.

"Malam, aiki za ka ba shi? To ka zo gidana ka fara ganin wanda ya yi mini."

"Yaya, don Allah mu shiga ciki."

"Ba na shiga! A nan zan faɗa kowa ya ji. Ragowar kabad ɗin wani gida da aka ƙi karɓa ka kwaso ka kawo mini, ka ɗauka ban sani ba? Mutumin da bai iya awo ba wai shi ne kafinta! Ni na goye ka, ni na saya maka gudumar da kake taƙama da ita, yau ni ka cuta. Wanda ya cuci wadda ta goye shi, wa zai bari?"

Masu walda suka kashe injinsu, kafintoci suka ajiye zarto, layin ya cika. Maganar ragowar kabad a nan take ta ƙirƙire ta, tana fitowa kuma ta yarda da ita. Idon Auta ya kaɗa ya yi ja. Ɗan kwangila ya naɗe takardarsa a hankali, ya ce, "To, sai na neme ka," ya shiga motarsa.

Magana zarar bunu ce. Kafin wata ya ƙare, sunan Auta a layin ya koma wanda ya cuci yayarsa. Manyan ayyuka suka ɗauke ƙafa, ma'aikatan suka zame ɗaya bayan ɗaya. Matarsa ta daina kiran Tela a waya, 'ya'yansa suka daina zuwa hutu. Ita kuwa duk wadda ta kawo ɗinki sai ta ja ta kicin ta nuna mata tsagar mabul, ta ba ta labarin, kullum labarin yana ƙara kiɓa. Tana kewar ƙaninta, wannan ba ƙarya, amma jira take ya zo ya durƙusa.

Wata takwas aka yi a haka. Wata rana babbar 'yarta, ma'aikaciyar jinya, ta zo wuni, ta zauna tana rubuta mata awo. Tela ta zagaya tef a ƙugun wata mata, ta danne, ta ɗago, ta ce, "Rubuta talatin da takwas."

"Mama, talatin da shida fa na gani. Kin matsar da yatsa."

"To da fa? Wa ke yanka yadi cif-cif? Ai dole a bar inci biyu na rara, ke dai rubuta abin da aka..."

Nan take bangon kicin ya faɗo mata a rai. Ta saki matar da tef a hannu ta shige kicin. Ta shimfiɗa tef a jikin bango ta yi alama, ta sake shimfiɗawa har kusurwa, wannan karon ba ta ɗago ba, ta sunkuya ta kai idonta inda yake. Hamsin da takwas. Ta sake, ta sake, bango bai ƙaru ba. Ta zauna a kan bulon, kunya da tsoro suka rufe ta, 'yarta na ta kira daga falo.

Kwana huɗu tana neman inda za ta raba laifin biyu. Ai shi ne kafinta, me ya sa ya yarda? Ai da ya nace. Ta juya ta juya, ta ga duk inda ta kama sai ya zame. Rana ta biyar ta hau mota.

Shagon ya yi fili, rabin kayan aikin babu. Auta na zaune shi kaɗai a ƙasa, ya kifa wata tsohuwar kujera yana cire mata ƙusa.

"Auta."

"Sannu da zuwa."

"Na sake auna bangon."

"To."

"Ɗari da sha takwas ne."

"Na sani. Na gaya miki, na sake gaya miki."

"To ai kai ma da naka, kai ne kafinta, da ka..." Bakin nan nata ya riga ta, kamar kullum.

Ya ajiye guduma ya dube ta. "Nawa laifin na ɗauka tun ranar. Na yanka katako a kan awon wani, shi ya sa na ce zan gyara. Abin da ya kawo ki ke nan?"

Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Ka yi haƙuri."

"A hankali kika faɗa. Wancan da ƙarfi kika faɗe shi."

Tela ta juya ta fita bakin shago, daidai inda ta tsaya wancan karon, ta buɗe muryar nan tata duka. "Jama'a, ku ji! Maganar kicin ɗina, ni na yi kuskuren awo! Ƙanina bai cuce ni ba, ƙarya na yi masa!"

Ba wanda ya kashe inji, zarto bai tsaya ba. Wata mata da ke cinikin tebur ta waigo ta ja 'yarta gefe. Mai walda na kusa ya ɗaga baƙin gilashinsa ya ce, "Hajiya, wane kicin?" Sai ya mayar da gilashin ya ci gaba da aikinsa. Ranar zagi layin nan ya cika maƙil, yau ko mutum uku ba su tsaya ba.

Ta dawo ciki. "Na faɗa."

"Na ji."

"Ka nuna mini gidan ɗan kwangilar nan, in je da ƙafata in gaya masa."

"An gama ginin, Yaya. Mutane sun tare tun watan jiya."

"To ka zo ka ga kicin ɗin. Ko ba ka gyara ba, ka zo gida ko ruwa ka sha."

"Na yafe miki, don darajar Inna. Kicin kuma zan turo miki wanda zai gyara. Ya iya aiki, shekara tara ya yi a wurina kafin ya tafi."

"Kai fa?"

"Ni ba na aikin kicin yanzu. Kujeru nake gyarawa." Ya jawo kujerar ya sa bakin guduma a kan wata ƙusa, ba tare da ya ɗago ba ya ce, "Ki ɗan matsa, kin tare mini haske."

Ta matsa gefe. Ta daɗe a tsaye da jaka a hannu tana kallon ƙeyarsa, da furfurar da ba ta san lokacin da ta fito ba, shi kuwa bai ƙara ɗagowa ba.